Tambaya kan matakan da yaro ke bi kafin ya rarrabe daidai da kuskure

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma bana an ba ni 'yan aji biyu bayan na daɗe ina riƙe da 'yan aji shida. Abin da ya sa na kawo wannan tambaya gaban malamai da iyayen da ke nan shi ne bambancin da nake gani tsakanin ƙanana da manya duk lokacin da aka zo maganar laifi. Idan na tambayi ɗan aji biyu dalilin da ya sa bai kamata a ɗauki fensirin wani ba, amsarsa ba ta wuce cewa Anti za ta yi duka, ko kuma za a kai mutum ofishin hedimasta. Ɗan aji shida kuwa yakan ce abin kunya ne a kira mutum ɓarawo, wani ma ya ce idan kowa zai riƙa ɗaukar na kowa, to babu mai iya barin jakarsa a aji ya fita tara.

Kwanakin baya wata yarinya ta ture robar ruwa bisa kuskure ta jiƙa littattafai da yawa, wani yaro kuma ya yaga shafi ɗaya daga littafin abokinsa da gangan saboda sun yi faɗa. Da na tambayi ajin wanda ya fi laifi, kusan dukansu yarinyar suka nuna. Shin wannan ƙarancin tarbiyya ne daga gida, ko kuwa hanya ce da kowane yaro ke bi? Idan matakai ne, ina roƙon wanda ya sani ya bayyana mana su, ya kuma faɗa mana lokacin da ya dace a fara kama yaro da laifi da gaske.

Malamin Kwalejin Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki game da iyayen yaran nan, domin abin da kika gani a ajinki kusan shi ne abin da masanin halayyar yara ɗan ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, ya gani ya kuma wallafa a 1932. Ya riƙa ba yara labari biyu. A na farko an kira yaro cin abinci, ya tura ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba, kofuna 15 suka fashe. A na biyu yaro ya hau kujera don ya ɗebi kayan zaƙi a ɓoye mahaifiyarsa ba ta nan, kofi ɗaya ya faɗo ya fashe. Ƙananan yara, 'yan shekara shida zuwa bakwai, galibi sukan ce mai kofuna 15 ya fi laifi, domin girman ɓarnar suke aunawa. Daga wajen shekara tara zuwa goma sai hukuncin ya juya, yaro ya fara tambayar abin da mai laifin ya nufa.

Piaget bai tsaya ga labari ba. Ya durƙusa tare da yara maza a Janeba da Neuchâtel suna wasan ƙananan ƙwallayen gilashi, yana tambayarsu wanda ya kafa dokokin wasan da kuma ko za a iya sauya su. Ƙaramin yaro yakan ce doka daga manya ta zo, ba a taɓa ta, alhali shi kansa yana karya ta a cikin wasan bai ma lura ba. Babba kuwa yakan ce za a iya sauyawa muddin 'yan wasan duka sun yarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yara suna buga ƙwallo a layi ya san wannan: 'yan shekara goma sha ɗaya sukan ɓata rabin yamma suna gardama kan ko ƙwallon da ta bi ta saman dutsen da aka ajiye a matsayin raga ta shiga ko ba ta shiga ba, har su cimma matsaya ba tare da wani babba ya sa baki ba. A ganin Piaget, a irin wannan gardama tsakanin tsara yaro ke koyon adalci, fiye da yadda yake koyonsa daga umarnin babba, domin a gaban babba ba shi da abin yi sai bi, amma a gaban tsaransa dole ya kawo hujja.

Daga baya Ba'amurke Lawrence Kohlberg ya faɗaɗa wannan aiki a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Shikago a 1958, inda ya tattauna da yara maza 72 'yan shekara 10 da 13 da 16. Sanannen labarin da ya riƙa ba su shi ne na wani mutum mai suna Heinz wanda matarsa ke bakin mutuwa, ga magani a hannun wani mai haɗa magunguna da ya kashe dala 200 amma yake neman dala 2,000. Heinz ya yi ta rance bai tara fiye da rabin kuɗin ba, mai maganin ya ƙi ragi ya kuma ƙi bashi, sai Heinz ya fasa shagon ya ɗauka. Kohlberg bai damu da ko yaro ya ce Heinz ya kyauta ko bai kyauta ba. Dalilin da yaron ya bayar shi ne abin da yake aunawa, kuma a nan ne ɗalibanmu suka fi faɗuwa a jarrabawa, domin sukan ɗauka amsar ce ke nuna mataki.

Daga waɗannan dalilai ya fitar da matakai shida, biyu-biyu a hawa uku. A hawan farko yaro yana guje wa laifi ne don tsoron horo, sannan ya matsa zuwa lissafin abin da zai samu, wato in ka ba ni alewarka in ba ka aron kekena. A hawa na biyu, wanda kan fara bayyana gab da balaga, abin da ke gabansa shi ne a ce masa yaron kirki, kada ya ba iyayensa da abokansa kunya, daga nan kuma ya gane cewa jama'a ba ta zaunuwa sai da doka da kowa ke bi. Yaronki na aji shida da ya ce babu mai iya barin jaka a aji ya fara leƙa wannan mataki na huɗu, kuma ya cancanci yabo. A hawa na uku mutum yana auna dokar kanta da ma'aunin adalci da haƙƙin ɗan Adam, har ya iya cewa wannan doka zalunci ce. Kohlberg da abokan aikinsa sun bi waɗancan yara na kimanin shekara ashirin, suka ga yawancinsu a mataki na uku da na huɗu suka tsaya bayan sun girma, 'yan kaɗan ne suka kai na biyar, na shida kuwa daga ƙarshe cire shi aka yi daga littafin auna amsoshi saboda ba a samun masu shi.

Sai dai kada a riƙe shekarun nan kamar jadawalin allurar rigakafi. Jerin matakan shi ne abin da aka fi samun tabbaci a kai, saurin hawansu kuwa ya bambanta daga yaro zuwa yaro.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya yi bayani mai gamsarwa. Ina so in ƙara cewa batun bin matakai wajen ɗora wa yaro nauyi ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a hore su a kanta suna da goma, a kuma raba musu makwanci. A lura da tazarar: shekara uku cur ana umarni ana tunatarwa kafin a zo maganar horo. Wani hadisin kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da yaro sai ya balaga. Malaman fiƙihu sun bambanta yaron da bai fara rarrabewa ba da wanda ya fara, suka gina hukunce-hukunce a kan haka. Saboda haka amsar tambayar Malama ta ƙarshe ita ce, ɗan aji biyu yana farkon lokacin koyarwa ne, bai kai lokacin da za a riƙe shi da laifi kamar babba ba.

Imam Ghazali, a babin da ya keɓe wa tarbiyyar yara a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya ce alamar farko da ke nuna hankali ya fara haskawa a zuciyar yaro ita ce kunya, lokacin da zai fara jin nauyin aikata wasu abubuwa, kuma ya ce a yi amfani da wannan kunya wajen gyara shi. Ya ƙara da cewa idan yaro ya yi kuskure sau ɗaya yana ɓoyewa, kada a tona shi, domin tonawa na iya cire masa jin nauyin gaba ɗaya. Idan ya maimaita sai a yi masa faɗa a keɓe, kuma kada a yawaita faɗan har ya zame masa jiki.

A nan ne nake da ja da tsarin Kohlberg. Kamar yadda Malam ya bayyana shi, wanda ya bar laifi don kada ya zubar da mutuncin gidansu yana mataki na uku ne kawai, ƙasa da wanda ke zaune yana auna dokoki da ra'ayinsa. Mu kuwa dattijon da aka san shi da amana da kunya da sulhunta mutane, wanda idan ya yi magana rigimar gado ta mutu, ban ga yadda za a sa shi ƙasa da saurayin da ya iya jera hujjoji a kan haƙƙin ɗan Adam ba. Iya bayani daban, kyawun hali daban.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Na karanta duka, kuma ban ƙi ba. Amma ni da na yi aikin nan har na ajiye, ina ganin akwai abin da ake mantawa. Malamin da ke da yara sama da tamanin a aji ɗaya ba shi da lokacin tambayar kowane yaro niyyarsa. Mu da aka yi wa bulala a makarantar allo da ta boko ba mu lalace ba, kuma tun da aka fara cewa kada a taɓa yaro ladabi ya ragu a makarantu, kowa shaida ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan Malam ya yarda cewa ƙaramin yaro tsoron horo kawai ya sani, to me ya sa za a hana malami yi masa magana da abin da yake ganewa?

Malamin Kwalejin Ilimi ya sake amsawa:

Ranka ya daɗe, tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi da aka yi a wannan zaure, kuma zan zo kanta. Amma bari in fara da Malamin Islamiyya, domin jan da ya yi masana da dama sun yi shi. A 1985 John Snarey ya tattara bincike 45 da aka yi a al'ummomi 27, ya ga matakai huɗun farko ana samunsu kusan ko'ina, amma na biyar a birane tsakanin masu zurfin karatun boko aka fi samunsa, a ƙauyuka kuwa kusan babu. Ko dai a ce dattawan ƙauyukan duniya duka hankalinsu bai kammala ba, ko kuma a ce ma'aunin ne bai iya jin irin hikimarsu ba, kuma ni na biyun na fi karkata gare shi. Carol Gilligan ma, wadda ta yi aiki da Kohlberg a Harvard, ta yi suka a 1982 cewa an gina tsarin a kan amsoshin maza zalla, an kuma rage darajar tunanin da ya ginu a kan tausayi da kula da zumunci. Ko a nan gida, da Baturen Ingila masanin Hausa Anthony Kirk-Greene ya yi laccarsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, halayen da ya jero sun haɗa da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci, kuma yawancinsu a zaman tare ake gane su, ba a iya warware labarin Heinz ba.

Yanzu ga maganar ranka ya daɗe. Cewa ƙaramin yaro tsoron horo kawai ya sani, nan ne binciken da aka yi daga baya ya gyara wa Piaget da Kohlberg zama. Masana halayyar yara Elliot Turiel da Judith Smetana sun sauya salon tambayar. Maimakon su ba yaro dogon labari su nemi ya yi sharhi, sai su ce masa: idan babu dokar da ta hana, kuma malama ba ta gani, ya halatta ka bugi wannan yarinyar? Yara 'yan shekara uku zuwa huɗu sukan ce a'a, za ta ji zafi. Idan aka tambaye su game da zama a wurin da ba nasu ba a aji, sai su ce in babu doka ba laifi. Ashe tun kafin yaro ya shiga firamare ya san cutar da mutum daban, saɓa tsarin aji daban. An maimaita irin wannan bincike a 1986 tsakanin yaran Ijo a yankin Neja Delta, aka sami wannan rarrabewar a can ma. Abin da yaron ya rasa shi ne bakin da zai bayyana abin da ya sani, don haka idan babba ya tsare shi da tambaya sai ya kawo amsar da ta fi kusa da harshensa, wato za a yi duka.

Game da abin da tsanani ke haifarwa kuwa, akwai binciken da Victoria Talwar da Kang Lee, masana daga Kanada, suka wallafa a 2011, wanda suka yi a makarantu biyu a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. A ɗaya ana duka kan ƙananan laifuffuka, a ɗayar kuwa faɗa ake yi ko a ware yaro na ɗan lokaci. An bar yara 'yan shekara uku da huɗu su kaɗai a ɗaki da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu sun waiwaya a makarantun biyu, wato dukan bai hana laifin ba. Da aka dawo aka tambaye su, yaran makarantar duka sun fi yin ƙarya nesa ba kusa ba, kuma sun fi iya kare ƙaryar idan aka bi su da wata tambayar. Ibn Khaldun ya riga su faɗin haka a Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14, inda ya ce tsananta wa ɗalibi na koya masa ƙarya da yaudara, domin yakan nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa.

Ban ce a bar yara su yi abin da suka ga dama ba, kuma na san wahalar aji mai cunkoso. Abin da nake cewa shi ne, idan horo ya zo ba tare da dalili ba, yaron yana zama a matakin farko, sai dai ya ƙware wajen kauce wa kamu. Masanin halayyar yara Martin Hoffman ya nuna cewa hanyar da ta fi dasa hali a zuciyar yaro ita ce a juya hankalinsa ga wanda ya cuta: dubi ƙanwarka tana kuka, abincinta ka zubar, yanzu me za ta ci? Wannan jimla ba ta fi ɗaga bulala cin lokaci ba, kuma sauran yara tamanin ɗin suna ji.

Uwar Yara daga Damagaram ta rubuta:

Ina yi wa malamai sallama. Ni ba malama ba ce, amma ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, kuma ina da ƙaramar tambaya. Mu a gida idan ƙaramin yaro ya ƙi jin magana mukan ce Dodo zai kama shi, ko a ce in ya sake za a kira mai allura, kuma nan take yake nutsuwa. Tunda an ce hankalinsa bai kai ya ɗauki dogon bayani ba, shin akwai aibi a wannan?

Malamin Islamiyya ya sake amsawa:

Hajiya, dalilin da ya sa wannan dabara ke ci shi ne ƙaramin yaro yana gaskata duk abin da babba ya faɗa masa, kuma a shirye yake ya yarda cewa duk wanda ya yi laifi wani abu zai same shi nan take. Amma wannan yardar ita ce jarin da uwa ke da shi a wurin ɗanta, kuma ranar da ya gane babu Dodo a bayan ƙofa, ya kuma gane cewa mahaifiyarsa ta san babu, ya koyi cewa ana iya faɗin abin da ba haka ba idan ana son biyan buƙata. Tsoratarwa da mai allura kuwa tana da ƙarin illa, domin ranar da ciwo ya kama shi aka kai shi asibiti, ke ce za ki sha fama kafin ya tsaya.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu, ta ce zo in ba ka wani abu. Sai ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba za ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Haka kuma a Bukhari da Muslim, lokacin da jikansa Hasan yana ƙarami ya ɗauki dabinon sadaka ya sa a baki, ya sa shi ya tofar, sannan ya gaya masa dalili, cewa su ba sa cin sadaka. Bai jira Hasan ya girma kafin ya ba shi dalilin ba, kuma bai tsawaita ba.

Saboda haka idan ɗan shekara uku ya nufi murhu, a ɗauke shi a ce wuta ce, tana ƙuna. Idan ya ƙwace abin wasan ɗan maƙwabta, a karɓa a mayar a gabansa a ce nasa ne, ka ga yana kuka. Idan an ce masa in ya sake ba zai bi ki kasuwa ba, to ranar kasuwa a bar shi a gida, ko da zai yi kuka har ki dawo.